Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Ɓarawon da Ya Shigo Hannu Rabbana

Makon jiya mun tsaya a kan aikin da ya cinye mini shekarun Samaru, wato tsaron manhaja, inda na ce masana sun ɗauka sun rufe ƙofa ruf. Yau sai yadda aka zagaye ta.

Manhajar da aka rubuta da harshen C, in ta kira wani aiki (wato wani yanki na umarninta), takan ajiye adireshin komawa, wato inda za ta ci gaba in aikin ya ƙare, a sashen ƙwaƙwalwa da ake kira sitak, dab da ma'ajiyar da aikin ya ware wa kansa. A ce ma'ajiyar bayit 64 ce, aka cika ta da gets ko strcpy, ayyukan C masu zuba rubutu a ma'ajiya, waɗanda ba ruwansu da tsawon abin da aka ba su. Kamar mudu ne a kasuwar Sabon Gari: in mai awo bai tsaya ba, gero kan malala kan abin da ke gefe. A na'ura mai bit 32, bayan bayit 64 ɗin akwai 4 na ebp (alamar mazaunin aikin a sitak), sannan adireshin komawa, wato nisan 68. Amma kompaila, mai juya rubutun C zuwa umarnin na'ura, yakan cusa ciko, har nisan ya koma 76, shi ya sa ake aunawa da gdb, manhajar leƙa cikin manhaja tana aiki, maimakon lissafin baki.

Da can mai kutse yakan zuba nasa umarnin a ma'ajiyar, ya karkatar da adireshin zuwa gare shi. Haka tsutsar Morris, manhaja mai yaɗa kanta a intanet, ta shiga fingerd, wata manhajar Unix, a 1988. Maganin da aka kawo shi ne hana zartar da duk abin da ke kan sitak, wanda ya zama NX a injinan AMD64, da DEP a Windows XP SP2 a 2004.

To, in an hana shiga gari da makami, ai akwai maƙera a ciki. A 1997 Solar Designer, wanda shi ma ya rubuta irin wannan kariya ga Linux, ya nuna cewa ba sai an shigo da komai ba. Laburaren libc, taskar ayyukan C na yau da kullum, yana cikin ƙwaƙwalwar kusan kowace manhaja, da izinin zartarwa, kuma a cikinsa akwai system, aikin da ke gudanar da duk umarnin da aka ba shi, da rubutun "/bin/sh", sunan manhajar da ke karɓar umarni kai tsaye. Sai a jera: ciko, adireshin system, adireshin exit (aikin rufe manhaja), adireshin "/bin/sh". Aikin na kammalawa sai ya "koma" cikin system, wadda take ɗaukar adireshi na uku a matsayin abin da aka aike ta da shi. NX ba ta ganin laifi, don ba a zartar da bayit ko ɗaya daga sitak ba.

Ga inda masu gwaji a kan na'urarsu suke tuntuɓe. In adireshi yana ɗauke da bayit 00, strcpy nan za ta tsaya. In an manta exit, manhajar takan faɗi bayan an fita. A bit 64 kuwa jerin nan ba ya aiki sam, domin saƙon farko da ake ba aiki ta rijistar rdi, wata 'yar ma'ajiya a cikin injin, yake bi, ba ta sitak ba. Dole a nemo guntun umarni "pop rdi, ret" a cikin lambar da ke nan, dabarar da Hovav Shacham ya faɗaɗa a 2007 ta zama ROP, wato ɗinka guntayen umarnin da ke ƙarewa da "ret", umarnin komawa. Ko an yi haka, system takan mutu a kan umarnin movaps in sitak bai daidaita kan bayit 16 ba. Ƙarin "ret" guda ɗaya ke gyara shi. Wannan ya hana ɗalibai da yawa barci.

Wata kariyar kuma, ASLR, da PaX (shirin tsaron Linux) ta fito da ita a 2001, tana sauya mazaunin libc duk tashi. Sai dai nisan da ke tsakanin puts (wani aikin libc) da system ba ya canzawa a libc iri ɗaya, don haka adireshi guda in ya zurare, sauran sun tonu. A bit 32 ma, wani bincike na 2004 ya nuna bit 16 na adireshin kawai ake buƙatar cankowa, cikin daƙiƙa 216 a matsakaici.

A ganina gyaran daga tushe yake: fgets da iyakar tsawo maimakon gets, wadda aka cire daga C a 2011, sai harhaɗawa da -fstack-protector-strong, mai dasa kanari, da PIE, mai sa mazaunin manhajar kanta ya riƙa sauyawa. Kanari, wato lambar gadin da ake dasawa kafin adireshin komawa, ita ma tana da nata rauni, kuma daga nan za mu tashi mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.