Ranar da wurin saitin kwamfutar makarantar Kawu ya ƙi buɗewa

Wata Asabar cikin watan Sha'aban, bayan La'asar, Kawu ya kira ni a waya. Shi ke shugabantar wata Islamiyya a Mabera, nan cikin Sakkwato, kuma al'adarsu ce a kammala jarrabawa kafin azumi ya kama. Malamin da ya saba buga musu tambayoyin Larabci a laftof ɗinsa ya samu canjin wurin aiki, ya tafi da abinsa. Abin da ya rage musu sai tsohuwar kwamfutar ofis, irin mai akwatin nan da ake ajiyewa a ƙarƙashin tebur, wadda ba a taɓa rubuta Larabci da ita ba. Sun je su ƙara mata harshen, sai wurin saitin ya ƙi buɗewa.

"Taho ka duba muna mi yas same ta," in ji Kawu. "An ce sai an yi mata fomat, ni kuwa ban yarda ba."

Yana da hujjar ƙin yarda. A cikin akwatin nan rajistar ɗalibai ta shekara da shekaru take, da sakamakon jarrabawa, da lissafin inda kowane yaro ya kai a hadda, da takardun shaidar sauka, har da hotunan walima. Babu kwafinsu a ko'ina. Yin fomat kuwa sharewa ne gaba ɗaya a sake gini, kuma a garin nan shi ne maganin farko da ake ba kowace kwamfuta, ko ciwon kai take yi ko ciwon ciki. Wannan abu yana damuna ƙwarai, don na ga mutanen da aka raba su da aikin shekaru a kan matsalar da ba ta kai ta kawo ba.

Na same ta da Windows 7 da ƙwaƙwalwar aiki giga 2. Na danna Start, na zaɓi Control Panel, wato wurin da ake saita harshe da agogo da sauti da firinta da sauransu. Taga ta buɗe fara fat, kamar allon da aka wanke. Ɗan zoben nan shuɗi ya yi ta juyawa, can sama aka rubuta Not Responding. Bayan ɗan lokaci sai layin ƙasan allo ya ɓace, alamomin kan fuska duka suka ɓace, sannan suka dawo kamar ba a yi komai ba. Na maimaita sau uku, duk haka.

Kafin in taɓa komai na fito da filash ɗina na kwashe foldojin makarantar kakaf. Muna cikin kwashewa aka ɗauke wuta, kwamfutar ta mutu ɗif, don ba ta da akwatin riƙe wuta. Kawu ya ce ai kusan kullum haka take fama. Na riƙe wannan maganar a raina. Aka tada janareto muka ƙarasa, ana kiran Magariba.

Washegari na yi kuskuren da ya ci mini safiya guda. Na yanke hukunci tun daga gida cewa ƙwayar cuta ce, don kowane malami da filash ɗinsa yake zuwa, an kai shi shagon buga takardu an dawo da shi. Na sa manhajar bincike ta yi ta laluben faifan ajiyar kwamfutar, kuma ta samo irin cutar nan da ke ɓoye foldoji ta bar maka alamarsu kawai. Na share ta ina murna. Na koma wurin saiti: fari fat, zobe na juyawa. Da na natsu tun farko da na lura alamar ba ta cuta ba ce. Idan cuta ce ta kulle wurin, yawanci ba maƙalewa yake yi ba, saƙo ne ke fitowa nan take cewa an soke wannan aiki saboda takunkumin da ke kan kwamfutar, kuma a tuntuɓi mai kula da ita. Abin da cutar ke yi shi ne dasa wata doka mai suna NoControlPanel a cikin rajistar Windows, wato ma'ajiyar da take adana saitunanta. Mu ba a hana mu shiga ba. An buɗe mana ƙofa, a tsakiyar hanya ne ake faɗuwa.

Daga nan na sake kunna ta ina ta danna F8 kafin tambarin Windows ya fito, na zaɓi Safe Mode, inda take tashi da abin da ya zama dole kawai, ba tare da tarkacen manhajojin da ke farkawa tare da ita ba. Nan ma ya maƙale, ke nan ba su ne masu laifi ba. Sai na buɗe baƙin allon umarni a matsayin mai iko, na rubuta sfc /scannow. Wannan yana bin fayilolin Windows ɗaya bayan ɗaya, ya gyara wanda ya lalace. Ya kai ɗari bisa ɗari, ya ce bai ga wani aibu ba.

A nan gwiwata ta ɗan yi sanyi. Kawu na zaune a kan darduma a bakin ofis yana jan carbi, bai ce uffan ba, amma na san lissafin kwanakin da suka rage yake yi.

Abin da ya warware mini shi ne tuna yadda aka gina wurin saitin. Ba abu ɗaya ba ne. Kamar zaure yake a gidan gandu: kana shiga ta nan, amma kowane sashe da ɗakinsa. Kowane ɗaki ɗan ƙaramin fayil ne da sunansa ke ƙarewa da .cpl, akasarinsu suna cikin foldar System32. Idan ka buɗe zauren, yana tattaro su duka ne don ya jera maka su. In ɗaya ya ruɓe, yana iya jawo zauren gaba ɗaya ya faɗi. Kuma manhajar da ke riƙe da wannan tagar, explorer.exe, ita ce dai ke riƙe da layin ƙasan allo da alamomin kan fuska, shi ya sa suke ɓacewa tare. To amma ba dole sai ta zaure ake shiga ɗakunan ba, kowanne ana iya kiransa da sunansa.

Na danna maɓallin Windows tare da R, ɗan akwatin rubutu ya fito, na rubuta intl.cpl. Kafin ƙiftawar ido sashen yanki da harshe ya buɗe lafiya lau. Na shiga ɓangaren madannai, na ƙara Larabci. A jerin har Hausa na gani, ita ma na ƙara musu saboda haruffa masu lanƙwasa. Na buɗe shafi, na danna Alt da Shift tare, madannai suka koma buga Larabci. Na ce, "Kawu, bismillah, zo ka gani." Ya taso ya gyara tabarau, ya duƙa har gemunsa na taɓa tebur. Da ya ga alif da lam sun fito, sai ya ce, "Alhamdulillahi. Allah shi yi maka albarka, ɗana." Madannan ba su da haruffan Larabci a jikinsu, don haka na buga musu hoton jerinsu a takarda, aka manna a bango saitin idon mai bugawa.

Na ci gaba da ƙwanƙwasa sauran ƙofofin. appwiz.cpl, na cire manhajoji, ya buɗe. ncpa.cpl na haɗin intanet, sysdm.cpl na bayanin na'urar, mmsys.cpl na sauti, duka lafiya. Da na buɗe timedate.cpl na tarar kwanan wata ya koma baya da shekaru. Wannan ciwo ne daban: ɗan batirin nan mai kamar kwabo da ke kan allon cikin akwati ne ya mutu, CR2032 mai bolt 3, wanda ake samu wurin masu gyaran agogo. Shi ke riƙe mata lokaci idan babu wuta.

Kawu ya ce tunda buƙata ta biya a bar ta haka. Na roƙe shi ya ƙara mini awa ɗaya, don gobe wani zai zo saita firinta ya sake cin karo da farar tagar nan, a sake tayar da maganar fomat. A ɗan akwatin nan dai na rubuta eventvwr. Wannan shi ne littafin da Windows ke rubuta duk abin da ya same ta, kuma da shi ya kamata in fara tun jiya. Na shiga Windows Logs, na shiga Application, na nemi jajayen alamomi a daidai lokutan da na gwada buɗewa. Ga su nan a jere, kowanne da lamba 1000, manhajar da ta faɗi explorer.exe, sannan a layin ƙasa an rubuta sunan abin da ya kayar da ita. Fayil ne mai .cpl wanda ban san shi a cikin na Windows ba. Na nemo shi a System32, na duba bayanansa, sai ga shi na wata manhajar daidaita sauti ne da ta zo tare da direban sauti na kwamfutar, wato manhajar da ke sa na'urar sautinta aiki. A nan na gane dalilin da sfc ya ce komai lafiya. Gaskiya ya faɗa, 'ya'yan gida kawai yake dubawa, baƙo ba ruwansa da shi.

Ban share fayil ɗin ba. Sunansa kawai na canza, na mayar da ƙarshensa .old, yadda in na yi kuskure zan iya dawo da shi cikin minti ɗaya. Ta nemi izinin mai iko, na ba ta. Na sake kunna kwamfutar, na danna Control Panel, sai ga komai ya jeru. Na kunna karatun da ke cikin foldar hadda don in gwada, sauti na fita ras, don direban daban yake da wancan ɗan allon saitin nasa.

Saura tambayar abin da ya lalata fayil ɗin. Zargina ya fi ƙarfi a kan ɗaukewar wutar nan, domin faifan ajiya in aka katse shi yana tsakiyar aiki yakan bar ɓarna. Na rubuta chkdsk c: /r, ta ce sai an sake kunnawa. Wannan binciken yana ɗaukar awoyi kuma ba a son a katse shi, don haka muka ɗauki akwatin zuwa gidan wani maƙwabci mai sola ya kwana yana yi. Da safe rahoton ya nuna akwai gurabe da suka lalace a jikin faifan, an killace su. Na buɗe murfin akwatin don canza batir, na tarar ƙurar hunturu ta yi wa fanka kauri kamar auduga. Na fitar da shi tsakar gida na kakkaɓe da ɗan buroshi, ina riƙe da fankar kada ta juya.

Na gaya wa Kawu gaskiya cewa faifan ya tsufa, kuma wanda ya fara nuna irin wannan alama ba a ba shi amana shi kaɗai. Na kuma ce kada a riƙa hawa intanet da ita, musamman abin da ya shafi banki. Windows 7 ta fito ne a 2009, kuma tun 14 ga Janairu 2020 Microsoft ta daina aiko mata da gyaran tsaro. Windows 11 kuwa tana neman aƙalla giga 4 da wani guntun tsaro mai suna TPM 2.0, abin da wannan akwatin ba shi da shi. Amma buga takardu da ajiye rajista, za ta yi musu.

Ranar Talata aka buga tambayoyin Fiƙihu da Tauhidi da Nahawu, aka kai aka yi kwafi. Kawu ya sa aka sayo filash biyu sababbi waɗanda ba a sa su a wata kwamfuta, ɗaya a durowar ofis, ɗaya a gidansa. Na koya wa sakataren makarantar yadda zai kwafe foldojin kowace Laraba kafin a tashi hutun Alhamis da Juma'a, na kuma rubuta masa sunayen ƙofofin nan a takarda, ya manna ta kusa da ta haruffan Larabci. Kuɗin akwatin riƙe wuta kuma Kawu ya ce zai kai maganarsa gaban kwamitin iyaye bayan Sallah.