Sakar mata hannu ta sauka da kanta

Biktoriya, wadda ta yi shekara 63 tana sarautar Ingila, har ta kai shekara 18 ɗaki ɗaya take kwana da uwarta. An haife ta a 1819, ubanta ya rasu tun ba ta cika shekara ba. Uwar da wani mai kula mata da harkokin gida, John Conroy, suka shimfiɗa wa yarinyar dokoki a fadar Kensington. Ba ta saukowa daga bene sai an riƙe mata hannu, ba ta ganin baƙo sai da babba a wurin. Ko fadar baffanta, Sarki William na Huɗu, ba a son ta yawaita zuwa.

Ƙannena masu renon 'ya'ya mata, ba don sha'awar tarihin Turawa na kawo wannan ba. Na kawo shi ne don ni ma haka na yi wa 'yata ta fari a nan Garwa ta ƙasar Kamaru, alhali ba gadon sarauta take jira ba.

Allah Ya ba ta kai. Tun tana firamare malamai ke ce min wannan likita ce, sai na ɗauki maganar na mayar da ita sarƙa. Ban taɓa aikenta kasuwa ba, kada rana ta dake ta. Ban bar ta ta tuƙa tuwo ba, kada karatu ya tsaya. Ƙawaye ni ke zaɓa. Bayan rasuwar mahaifinta, gwaggonta ta sha aiko a ba ta ita hutu a Marwa, ina hanawa, don akwai wata 'yar uwata da kullum take zuga ni cewa dangin uba za su raba ni da 'yata. Ku kula da irin wannan mai ba da shawara, wanda duk maganarsa a kan raba yarinya da mutane take ƙarewa. A 1835 Biktoriya na kwance da zazzaɓi mai tsanani, Conroy ya matsa mata ta sa hannu a takardar da za ta naɗa shi sakatarenta. Ta ƙi. A ranar ce manufarsa ta fito fili.

Da tawa 'yar ta ci bak, wato jarrabawar kammala sakandare, ta tafi jami'a a Ngaundare, sai abin da na shuka ya tsiro. Ba ta iya tayi ba, duk farashin da aka faɗa shi take biya. Ba ta iya cewa a'a ga mai neman rance ba, domin a gida ba a taɓa barinta ta ce a'a ba. Kuɗin wata kan ƙare tun wata bai raba ba, ta kwana da yunwa ba ta faɗa min ba. Wannan ɓoyewar ita ta fi ci min rai. Yarinyar da na tsare kamar ƙwai, ni ce mutum ta ƙarshe da za ta kai wa kukanta, saboda ta san ina ji zan ce ta tattaro kayanta ta dawo gida.

Biktoriya ma, ranar da ta hau gadon sarauta a 1837, cikin abubuwan farko da ta nema har da a bar ta ita kaɗai na sa'a guda, a kuma fitar da gadonta daga ɗakin uwarta. Da suka koma fadar Buckingham ta sa aka ba uwar ɗakuna can nesa da nata, Conroy kuwa ta hana shi zuwa gabanta. Sai bayan aurenta a 1840, da jikoki suka zo, aka fara shiryawa. Da uwar ta rasu a 1861, Biktoriya ta karanta takardunta ta ga irin son da take mata, ta yi baƙin ciki matuƙa. Son yana nan tun farko, tsaron ne ya rufe shi.

To ki ba 'yarki jaka biyu ta je babbar kasuwa ta sayo kayan miya ta kawo canji. In an cuce ta, ki tambaye ta yadda aka yi, kada ki karɓe aikin. Ki bar ta ta ƙona tuwo. Ki ba ta akwati da makulli, kada ki buɗe a bayan idonta. In ta ce "Inna, ban yarda ba" cikin ladabi, ki saurari dalilinta kafin ki yanke hukunci. Ban ce a sake ta ba kwaɓa ba. Salla, kunya da sanin inda take bayan magariba suna nan daram.

Dangin ubanta kuwa, ko kuna da saɓani, hakkinta ne. Hutu na zuwa ki sa ta a motar Marwa ko ta Kusiri, duk inda gwaggonninta suke, ki haɗa mata tsaraba ta miƙa musu da hannunta.