Kuɗin sun shigo da gaske, sunan ne ba nata ba

Shekara huɗu ke nan ina sayar da atamfa da leshi da mayafai daga ɗakina a Tudun Wadar Zariya, ta sitatus ɗin WhatsApp da Instagram. Abin da nake taƙama da shi a cikin ƙawayena 'yan kasuwa shi ne ba a taɓa cin kayana da alat na bogi ba. Ko wa ya turo min hoton risit, sai na buɗe manhajar banki na ga kuɗin da idona kafin ko tsinke ya bar gidan. To wannan taƙamar ce ta kai ni ta baro.

Ana saura sati biyu azumi wata mata ta yi min magana a Instagram. Ta ce a Kaduna take, ƙaninta ake haɗa wa lefe. Ta zaɓi leshi uku, atamfa shida, mayafi huɗu, lissafi ya tashi naira 290,000. Ba ta ja ciniki ba, ta dai ce in cire mata dubu huɗu ya zama 286,000. Ku riƙe wannan dubu huɗun, zan dawo kansu.

Na ba ta lambar akawun. Bayan kamar awa ɗaya ta ce, "Hajiya duba, an tura." Na duba, kuɗi sun zauna cif. Sai dai sunan da ya fito na namiji ne. Wallahi na gani, ba wai ya wuce ni ba ne. Har na tambaye ta, ta ce, "Ai Alhaji ne ya tura, nawa akawun ɗin tun jiya yake ba ni matsala." Na ce to Allah ya saka masa da alheri. Rabin masu sayen kayana mazajensu ne ke biya musu, wa zai tsaya yi wa matar aure tambayar ƙwaƙwaf a kan mijinta?

Ta matsa lallai a tura a ranar. Ƙanina ya kai ƙullin tashar mota ta Kwangila kafin la'asar, aka ba direban Kaduna, da magariba direban ya kira ya ce wani yaro ya karɓa a Kawo. Na kwanta ina murnar na yi ciniki.

Kwana uku bayan nan zan tura wa mutumin da nake sarin kaya a wurinsa a Kantin Kwari kuɗinsa, tiransifa ta ƙi tafiya. Na ɗauka matsalar sabis ce. Na aika wurin mai POS na bakin layi, kati ma ya ƙi. Ranar Litinin da sassafe na hau Keke Napep zuwa bankina da ke unguwar PZ, na karɓi lamba, na zauna kusan awa biyu. Da layi ya zo kaina yarinyar da ke kan teburin ƙorafi ta danna kwamfuta, ta ɗago ta kalle ni wani iri, sannan ta rage murya ta ce, "Hajiya, an sa wa akawun ɗinki PND." Ma'ana kuɗi za su iya shiga, amma ko sisi ba zai fita ba. Wani banki ne ya aiko da ƙorafi cewa an damfari kwastomansu, kuma a akawun ɗina kuɗin suka sauka.

Ni ce 'yar damfarar ke nan.

Kuma ba 286,000 kaɗai ke ciki ba. Jarina duka yana ciki, ga kuɗin adashin mata goma sha biyu da nake riƙewa, kwasa ranar Juma'a. A tsaye a ƙofar bankin na kira matar, waya a kashe. Na shiga Instagram, shafin ya ɓace kamar ba a taɓa yin sa ba.

Da farko na rantse bakinsu ɗaya da "Alhajin": ita ta karɓi kaya, shi ya je banki ya ce bai san zancen ba. Sai ga shi ya kira ni da kansa, ya nemo sunana a Facebook ya ga lambata a shafin kasuwancina. Ya fara da Allah ya isa, na mayar masa da tawa. Sai da maigidana ya karɓi wayar aka saurari juna. Ashe tela ne a Funtuwa. Ya ga tallar keken ɗinki na wuta a Facebook, suka yi ciniki da mai tallar suka daidaita a kan 286,000, aka turo masa lambar akawun ɗina aka ce, "Na matata ne, tura nan." Ni an ce min mijinta ne, shi an ce masa matarsa ce. An ɗaura mana aure ba mu da labari. Kun ga inda dubu huɗun nan suka fito: an rage farashina ne don ya yi daidai da kuɗin da aka riga aka tsayar da shi. Ita ko kobo ba ta taɓa ba, kayana kawai ta ɗauka da kuɗin wani.

Banki suka ce in kawo bayani a rubuce da hujjoji. Na je shagon kwamfuta na buga hirarmu kaf, shafi 14, da hotunan kayan da risit. A nan na koyi cewa duk kuɗin da aka tura daga banki zuwa wani banki yana da lambarsa ta musamman, doguwa mai lambobi 30 da ake gani a risit, kuma da ita ma'aikata ke bin sawun kuɗin, don haka a saka ta a saman kowace wasiƙa. Amma da jami'in ya gama karanta takardun nan tambaya ɗaya ya yi min: "Hajiya, ina inda mai akawun ɗin ya ce shi ne ke sayen atamfa?" Babu. Shafi 14, babu layi ɗaya da ya haɗa sunan wanda ya biya da kayan da na tura. Abin da ke ciki kawai shi ne inda na tambaya, aka yi min ƙarya, na ce Allah ya saka. Na ji kunyar wannan layin fiye da komai.

Wanda ya cece ni ɗan kamasho ne a Kwangila. Ni ban karɓi takardar saƙo ba, ban ma san akwai abin karɓa ba. Ashe dattijon yana da wani tsohon littafi duk ya sha maiƙo, inda yake rubuta rana da lambar mota da lambar wayar mai karɓa. Ƙanina ya ɗauko hoton shafin, direban kuma, Allah ya yi masa albarka, ya yarda ya sa hannu cewa ya kai ƙulli Kawo ya miƙa. Wannan ne ya nuna cewa kaya sun fita daga hannuna da gaske.

Duk takardar da za ku kai banki, ku yi kwafi biyu, a buga muku hatimin karɓa a kan taku, ku nemi lambar ƙorafi. Ni zuwana biyu na farko da baki kawai na yi magana, aka ce "muna kai", kuma a wurinsu kamar ban zo ba. Ƙa'idar Babban Bankin Najeriya, wato CBN, ita ce ka fara kai kuka bankinka, in sun yi sati biyu ba su warware ba ka wuce sashen kare haƙƙin kwastoma na CBN. Na rubuta wannan ƙarara a wasiƙata ta biyu. Ranar da aka cika kwana 17 suka saki akawun ɗin, suka riƙe 286,000 ɗin kawai. Kafin nan na riga na sayar da 'yan kunnena na zinare na biya kwasar adashi, don matan nan ba ruwansu da wani PND, kuma da gaskiyarsu.

Sauran kuɗin suka tsaya cak. Banki suka ce ba za su mayar wa telan ba sai da amincewata ko umarnin kotu, ni ma ba za su sakar min ba muddin ƙorafinsa na nan. Telan ya zo Zariya da yayansa, aka zauna a zaure da maigidana da wani kawuna. Ni ina daga soron ciki ina ji. Ya fito da wayarsa, allon duk a tsage, yana nuna musu hoton keken da bai taɓa gani ba. Rabin kuɗin ma rance ne. Yayan nasa ya ce, "Alhaji, mu ba mu zo rigima ba, mun san an cuci Hajiya kamar yadda aka cuce mu." Kawu ya yanke cewa in mayar da 100,000, shi kuma ya rubuta wa bankinsa ya janye ƙorafi. Na dage sai an rubuta, shaidu sun sa hannu, kuma sai na ga takardar janyewar da hatimin bankinsa kafin in tura, kuma cikin akawun ɗin da kuɗin suka fito, ba wani daban ba. Wannan karon dai na kalli suna.

Maigidana ya ce in ɗauka sadaka na yi. Ina ƙoƙari. Amma ribar da zan ci a cinikin nan ba ta kai dubu talatin ba, na biya dubu ɗari, ban da kuɗin mota da 'yan kunnen da har yau ban mayar ba, duk a kan tambayar da na yi rabi na bari. Da na ce, "Ba ni Alhajin mu gaisa," minti ɗaya ya isa.

Yanzu adashi yana da nasa akawun daban. Duk wanda kuma sunansa ya saɓa da na mai saye, sai ya kira ni da bakinsa ya faɗi abin da yake biya, ko ya rubuta "kuɗin atamfa" a wurin bayanin tiransifa. Satin da ya wuce wata da muka shekara uku muna ciniki ta ce ɗanta ne zai turo. Na ce ya kira ni tukuna. Ta yi shiru, sannan ta ce, "Haba Maman Ummi, ni ce fa." Na ce na sani Hajiya, ki yi haƙuri, ya dai kira. Har yau ba ta sake duba sitatus ɗina ba, mayafan da ta zaɓa suna nan a leda a kan durowa.