Gorar yis ba ta san dare ya yi ba

Duk mai kiwon kifin ado da ya soma shuka tsirrai a cikin akwatin gilashinsa, ba ya daɗewa zai ji labarin gorar yis. Robar lemo mai lita 2, sukari, ɗan yis irin na burodi, da siririn tiyo, shi ke nan ka samar wa tsirranka iskar CO2, irin wadda muke fitarwa idan mun yi numfashi, ba tare da ka sayi tukunyar gas ba. Kuma gaskiya ne, tana aiki. Da ita nake ciyar da ƙaramin akwatina mai lita 60. Sai dai masu yaɗa dabarar sun fi son nuna ranar haɗawa, lokacin da kumfa ke tashi ba ƙaƙƙautawa. Ba kasafai suke faɗin abin da ke faruwa da tsakar dare ba, balle a mako na uku, alhali a nan rigimar take.

Dalilin da ya sa ake wannan wahala a fili yake. Tsiro da carbon yake gina jikinsa, daga CO2 kuma yake samunsa idan haske ya same shi. Ruwan akwatin da ba a ƙara masa komai ba, CO2 ɗin da ke cikinsa bai cika wuce miligiram 2 zuwa 3 a kowace lita ba. Masu son ganye ya yi kauri, ja ya fito ja sosai, suna neman 20 zuwa 30. Takashi Amano, mutumin Japan ɗin nan da ya mayar da shuka a akwatin kifi sana'ar ado, da ruwan soda na kwalba ya fara gwaji kafin a zo ga tukwanen gas da ake gani yau. Ke nan dabarar gida ba abin raini ba ce, daga nan shi ma ya faro.

Yadda nake haɗa tawa: sukari kimanin giram 200, ruwa mai ɗumi-ɗumi wanda ba ya ƙona yatsa, rabin ƙaramin cokali na yis, da ɗan bekin soda kaɗan don kada ruwan ya yi saurin tsami. Ba na cika gorar. Ina tsayawa daidai inda kafaɗarta ta fara lanƙwasa, saboda kumfar yis tana buƙatar wurin tashi. Yis ɗin kuma a kofi nake jiƙa shi tukuna, sai ya yi kumfa a sama na juye. Idan bai motsa a kofi ba, ba zai motsa a gora ba, gara ka sani tun da wuri.

Murfin ne ke raba mai gora mai aiki da mai gorar banza. Hujin da za ka yi ya zama ya fi tiyon ƙanƙanta. Ka yanke bakin tiyon a karkace ya yi tsini, ka cusa tsinin, ka kama shi da filaya ta ciki ka ja da ƙarfi. Robar murfin za ta matse shi da kanta, ta fi duk wani gam da za ka shafa. Bayan nan ka diga ruwan sabulu a mahaɗar. In ka ga ƙwai-ƙwai na tasowa, iskarka ɗaki take ciyarwa, ba tsirrai ba. Sau da yawa wanda ke kukan yis ɗinsa ya mutu, murfinsa ne ke yoyo.

Abubuwa biyu ba na yarda a tsallake su. Na farko, ƙaramar gora ta biyu mai rabin ruwa tsakanin gorar yis da akwatin: tiyon da ya fito daga yis ya nutse cikin ruwan, wani kuma ya ɗauki iska daga sama ya wuce da ita. Ita ke tare dattin yis da barasa in gorar ta tumbatsa ko ta faɗi, kuma a cikinta kake ƙirga kumfa. Ruwan yis in ya shiga akwati, ruwan ya yi fari kamar tsinkakkiyar madara, ƙwayoyin cuta su yi ta hayayyafa suna cinye oksijin. Na biyu, ɗan bawul ɗin nan da ke barin iska ta wuce gaba amma ya hana ruwa dawowa. Idan ɗaki ya yi sanyi matsin gorar ya sauka, ruwan akwati yana iya biyo tiyo ya koma baya.

To, mu zo kan dare.

Yis abu ne mai rai. Yana cin sukari, yana fitar da barasa da CO2, kusan rabin nauyin sukarin ne ke zama iska in ya cinye shi duka. Ba ruwansa da fitilarka. Tsirrai kuwa da zarar haske ya ɗauke sun daina shan CO2, sun koma numfashi irin na kifi, suna shan oksijin suna fitar da CO2 ɗin su ma. Sai ya zama kifi na fitarwa, tsirrai na fitarwa, gora na turawa, babu mai ɗauka. Shi ya sa asuba ce lokacin da ya kamata ka leƙa akwatin, kafin ka kunna fitila. In ka tarar kifayen sun taru a saman ruwa suna buɗe baki suna haki, katantanwa sun hauro gilashi har bakin ruwa, iskar ta yi yawa. Da rana ba za ka taɓa ganin wannan ba, komai zai yi maka kyau.

Mai tukunyar gas yana da bawul na lantarki da ke rufe iska da dare. Kai ba ka da wannan, kuma kada ka kuskura ka toshe tiyon gorar yis. Iskar ba za ta daina fita ba don ka toshe. Taruwa za ta yi har murfi ya tashi ko gorar ta fashe, bango da labule su sha ruwan sukari mai warin giya. Saboda haka ma ba a amfani da kwalbar gilashi sam. Abin da nake yi mai sauƙi ne: ƙaramin famfon iska a kan agogon kashe-kunna, ya tashi daidai lokacin da fitila ta mutu. Motsin da yake yi a saman ruwa yana korar rarar CO2 yana shigo da oksijin. Asarar iska ce, na sani, amma iskar sukari ce, ba ta kai ran kifi ba.

Don sanin inda aka kwana, akwai ɗan gilashin nan da ake mannawa a ciki, mai ruwan gwaji na bromothymol blue. Shuɗi, iska ta yi kaɗan, kore, daidai, rawaya, ta yi yawa, ka yi maza. Amma launinsa yana makara da awa ɗaya ko biyu, labarin da ya wuce yake ba ka. Na fi amincewa da kifayen.

Matsala ta biyu ba ta da hayaniya, ita ce ma ta fi cinye mutane. A kwanakin farko gorar tana gudu. Daga nan barasa ta taru, ta soma kashe yis ɗin da ya haife ta, kumfa ta yi ta raguwa har mako na biyu ko na uku ta zama ɗaya-ɗaya. Zafi yana hanzarta ta, sanyi yana kwantar da ita. Tsirrai ba sa son wannan hawa da sauka. Sai sun saba da yalwa a janye musu. Gansakuka kuwa ta samu ƙofa, musamman baƙar nan mai kama da gemu da ke kama gefen ganye ta ƙi fita. A ganina iska kaɗan wadda ba ta yankewa ta fi mai yawa da ke zuwa tana ɗaukewa. Maganin shi ne gora biyu a haɗe da mahaɗa mai baki uku, ana sabunta su bi da bi: wannan mako ɗaya, mako mai zuwa ɗayar. Yayin da ɗaya ke tsufa, ɗayar tana kan ganiyarta. Rage yis ma yana taimakawa. Yawan yis ba ya ƙara jimillar iskar, saurin ƙarewa kawai yake ƙarawa.

Akwai hanya ta biyu, ta sitirik asid da bekin soda a gora biyu, matsi na tura asid ɗin kaɗan-kaɗan cikin sodar. Wannan ba mai rai ba ce, don haka ana iya rufe ta da dare, tana kuma da ƙarfin tura iska ta cikin farin dutsen nan mai niƙa kumfa, wanda gorar yis kan sha wuya da shi. Sai dai dole ka sayi murafu masu ma'aunin matsi da bawul mai allura, kuma daidaita bawul ɗin yana son haƙuri.

Akwatin da ya haura lita 100, ni ba zan ba da shawarar yis ba. Za ka gaji da jere gorori. Haka nan wanda tsirransa Anubias ne, ko Java fern, ko Cryptocoryne, a ƙarƙashin fitila mai sauƙi, ya bar sukarinsa a kicin, waɗannan suna rayuwa lafiya ba tare da ƙari ba. Gorar ta masu son shimfiɗar ƙananan ganye ce a ƙasan akwati, irin su Glossostigma, a ƙaramin akwati mai haske sosai, kuma su ma sai sun yarda za su riƙa wanke gora da dama sabon haɗi kowane mako.