Garake da shamuwa: abin da na gani a Maraɗi

Daga Katsina zuwa Jibiya babu abin faɗi sai zafi. Bayan mun tsallaka iyaka ne wani jami'i a wani shinge ya riƙe mini takarda yana juya ta, ko sallamata bai amsa ba, sai da direba ya sa baki. Raina bai huce ba sai da muka iso Jiratawa, inda kore ya tare mana ido a tsakiyar ƙurar bazara. Zogale ne fage bayan fage, an datse shi daidai ƙugu don ya yi ta tofo, ruwan rijiyar burtsatse na bin ƙananan magudanai. Daga nan ake loda buhunansa har Yamai. Mu a gida bishiya ɗaya muke bari a bayan ɗaki ta yi tsawon banza.

Gidan gwaggona ya fi komai tsaya mini a rai. Tsakar gidan ba shi da faɗi, amma akwai lemun tsami, gwaba, lalle, da yakuwa a tsofaffin robobi. Ruwan alwala da na ɗaurayar kwano duk gindin shuka yake tafiya. Da magariba na ga bushiya ta fito daga ƙarƙashin randa, na ɗaga tsintsiya, gwaggo ta riƙe mini hannu: "Bar ta, ɗiyata, ita ka cinye mini ƙwari." Akwai kasko da take cikawa kullum saboda kurciyoyi da ƙudan zuma, ta jefa tsakuwa a ciki don kada zumar ta nitse. A kan dogon yaron ƙofar gida shamuwa ta riga ta yi sheƙa, yaran unguwa ba mai jifan ta, kowa ya san damina take shela. Ni dai takaici ya kama ni da na tuna unguwarmu, inda aka shafe kowane tsakar gida da siminti, sannan a yi ta kukan zafi.

Washegari ɗanta ya kai ni garake, wato lambuna, a bakin Gulbi. Nan tsohon garin Maraɗi yake kafin ambaliyar 1945 ta sa aka koma kan tudu. Gulbin a bushe yake, yashi zalla, amma ruwa na kusa a ƙasa, injin ban ruwa sai ƙara yake. Wani dattijo ya cika mini kwando da mangwaro, na miƙa kuɗi ya ce, "Haba Hajiya, baƙo ba ya saye a garka." A kasuwa kuwa ba sani ba sabo. Da na lissafa kuɗin tumatir daga sefa zuwa naira, ajiye shi na yi, kuma masu kabu-kabu suna jin harshen Katsina suke ƙara kuɗi.

A gonakin hanyar Tibiri na ga gawo birjik. Manoma ba sa tumɓuke kututture, suna zaɓar tsiro mai ƙarfi su raine shi, aikin da Tony Rinaudo ɗan Ostareliya ya fara yaɗawa a yankin a 1983. Gawon ma ya fara zubar da ganye, zai bar wa gero rana.

Tafkin Madarunfa mun leƙa a gurguje: balbelu, masunta, ruwa ya ja baya sosai. Hadari ya haɗo muna hanyar Ɗan Isa, ni kuma ina riƙe da dashen lemun tsami biyu da gwaggo ta naɗe mini a jiƙaƙƙen buhu.