Kariya a garin ruwa

Cikin duk furannin da muke reno a lambun maigidana a Kumasi, babu wadda ta koya mini haƙuri kamar kariya. Asalinta ƙasashen Sahel ne, da gabashin Afirka har zuwa yankin Larabawa, inda ruwan sama ke ƙaranci. Shi ya sa gindinta ke kumbura kamar tulu, a nan take ajiye ruwan da za ta ci rani da shi. To ga ta a Kumasi, inda damina ke zuwa sau biyu a shekara, ruwan da ke sauka ya kai wajen milimita 1,400.

Sabon ma'aikaci hannunsa ba ya rabuwa da butar ban ruwa. Maigida kuwa cewa yake, "Ɗana, ajiye butar nan, fara taɓa gindin." Idan ka matsa da yatsa ka ji tauri, lafiyarta ƙalau. Idan ya lotsa, ganye ya koma rawaya, ruɓa ta riga ta shiga saiwa. Sai a tuge ta, a yanke duk inda ya yi baƙi da wuƙa mai tsabta, a ajiye ta a inuwa 'yan kwanaki bakin yankan ya bushe, sannan a mayar da ita tukunya. Ƙasar da muke haɗa mata yawancinta yashi ne da gutsattsarin gawayi, tukunyar kuma dole a huda ta a ƙasa. A watan Yuni, idan ruwa ya yi tsanani, mukan kwashe su zuwa ƙarƙashin rumfa.

Lokacin hunturu takan zubar da ganye, masu saye su ɗauka ta mutu. Wata Hajiya daga unguwar Aboabo ta taɓa dawo da tata ranta a ɓace. Na ce mata, "Hajiya, ki yi haƙuri, hutawa take. Ki sa ta a rana, ki rage mata ruwa." Da furannin nan ja-ja suka fito a kan rassan da ba ganye, da kanta ta aiko jikanta ya ƙaro biyu.

Abin da ba na ɓoye wa kowa, ko da zai hana ni ciniki, shi ne dafinta. Ruwan da ke fita idan an yanke ta guba ne, a wasu ƙasashen Afirka har kibiya ake shafa wa. A zango kuwa tsakar gida ɗaya ce, yara da awaki duk a ciki. Don haka kafin in karɓi kuɗi nakan tambayi mai saye inda zai ajiye ta, kuma ko akwai mai rarrafe a gidan.