Mun shiga wa kachala da lauje

Makon jiya na je gida na tarar an sa ranar gayya a bakin rafi. Ban yi niyyar shiga ruwa ba, amma da na ga Baffa, da furfurarsa, ya naɗe wando ya ɗauki lauje, kunya ta sa na bi bayansa.

Ƙauyenmu yana cikin fadamar Haɗeja da Nguru, kuma duk wanda ya tashi a nan ya san kachala, ciyawar nan ta cikin ruwa. Ta fi mutum tsayi, inda ta kafu kwalekwale ba ya wucewa. Baffa ya ce da ƙuruciyarsa ruwa yakan zo da damina ya malale fadama, a yi shinkafa, da rani ya janye ƙasa ta bushe ƙayau, makiyaya su sauko. Kachala ba ta samun wurin zama. Da aka gina madatsar Tiga a 1974, aka ƙara ta Challawa a 1992, sai ruwa ya koma zuwa kaɗan-kaɗan rani da damina, laka ta taru, ciyawar ta samu abin da take so. Ta toshe hanyoyi, ruwa ya karkata ta rafin Marma ya cinye gonaki a wajen Nguru, su kuwa mutanen Gashuwa da ke can ƙasan kogin suna kukan bai ishe su ba. Ga tsuntsayen jan baki da ke kwana cikinta, gari na wayewa su faɗa wa shinkafa.

Amma ba zan ɗora wa madatsa laifin duka ba. Mu ma mun yi namu. Muna noma har gaɓar ruwa, mu zuba takin zamani fiye da kima, ruwan sama na farko ya wanke shi cikin rafi. Da kuɗinmu muke ciyar da kachalar nan, wannan ne ya fi yi mini ciwo.

Shi ya sa zaman da aka yi a ƙofar mai unguwa ya fi yankan burge ni. An yarda kowa ya bar taku ashirin tsakanin gonarsa da gaɓa, ba garma, ba taki. An buɗe burtalin da wasu suka shuke, Arɗo kuma ya ɗauki alkawarin shanu za su kwana a gonaki bayan girbi, mu samu takin gida. An yi gardama sosai, don mai 'yar gona taku ashirin ba ƙaramin abu ba ne a wurinsa. Wani ya tashi cikin fushi, amma washegari da shi aka shiga ruwa.

Yankan ma da dabararsa. Baffa ya riƙe hannuna ya ce, "Ɗana, ƙasan ruwa za ka sare ta. In ka bar kanta a waje, numfashi take yi." Muka yi ta yi har la'asar, tafin hannuna duk ya yi kanta. Kafin magariba wani masunci ya tura kwalekwalensa ta hanyar da muka buɗe, yara suna binsa da gudu a gaɓa.